Ba a Ƙona Rumbu Don Ɓera: Martani ga Mai Cewa Fomatin Ne Maganin Kowace Kwamfuta

Wani abokina, malamin makaranta a Koguna, shi ya kawo mini wani rubutu a kan matsalar kwamfuta har gida bayan la'asar, ya ce in karanta in faɗa masa ko ni ma na ji abin da ya ji. Na karanta sau biyu. Marubucin mutum ne mai alƙalami, kuma da ganin yadda ya jera maganarsa ka san ya sha wuya a hannun kwamfuta, irin wuyar da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗaga ta ya buga da ƙasa. Saboda haka zan fara da kawo maganarsa yadda take, kada a ce na yi masa ƙage.

Marubucin, wanda zan riƙa kira Malam, ya ce kwamfutocin da ke hannun mutanen karkara irin namu, a shagunan buga takardu da makarantu da ofisoshi, kusan dukkansu cutarsu ɗaya ce, wato bairos, wanda ake kwasowa daga filashin wannan zuwa na wancan. Ya ce idan kwamfuta ta sandare, ko ta mutu ana tsakiyar aiki, ko ta nuno shuɗin allo, ɓata lokaci ne mai ita ya tsaya yana lalube. Ya naɗe ta ya kai birni wurin masu gyara, su goge komai su zuba mata sabuwar Windows, abin da muke kira fomatin. Ya gargaɗi wanda bai yi karatun injiniya ba da kada ya kuskura ya ce zai gano abin da ke damunta, don garin gyaran gira zai rasa ido. Idan kuma an yi fomatin ciwon ya dawo, to tsufa ne, a jefar a sayi sabuwa. Daga ƙarshe ya yi wata magana da ta fi sauran nauyi, cewa ita kwamfuta ma tun asali ba don wuri irin namu aka yi ta ba, inda babu tsayayyar wuta, babu na'urar sanyaya ɗaki, babu ƙwararru, don haka duk wanda ya ajiye ta a ƙauye ya shirya wa hawan jini.

Akwai gaskiya a ciki, ba zan ɓoye ba. Bairos na nan, kuma filashi na yawo da shi kamar yadda ƙuda ke yawo da amai da gudawa. Gaskiya ne kuma cewa akwai masu karambani da suka kwance kwamfuta lafiyayya suka kasa mayar da ita. Ni kaina na taɓa karya igiyar allon wata laftof garin rawar jiki. Amma don wani ya sha magani ba bisa ƙa'ida ba ya jikkata, ba ya sa a hana uwa taɓa goshin ɗanta ta ji ko da zazzaɓi.

Mu fara da bairos ɗin, tunda shi aka ɗora wa laifin komai, kamar yadda a wasu gidaje duk ciwon da ya zo sai a ce sammu ne. Ina so Malam ya zo Makoda a watan Afrilu, ya shiga shagon buga takardu mai rufin kwano da ƙarfe biyu na rana, lokacin da zafi a ƙasar Kano ke haura digiri 40, ya ɗora tafin hannunsa a gefen laftof ɗin da ke aiki tun safe. In ya iya barin hannun na minti ɗaya, ni zan biya masa kuɗin mota. A cikin kowace kwamfuta akwai ɗan guntun ƙarfe da ke yin dukkan lissafin, wanda ake kira furosesa, kuma shi aikinsa zafi yake haifarwa. Masu ƙera shi sun san haka, shi ya sa suka sa masa dabarar kare kai: in zafinsa ya doshi digiri 100, sai ya rage gudu da kansa, daga nan ne mai aiki zai ga komai ya koma tafiyar hawainiya. In zafin ya ƙi sauka, sai ya kashe kwamfutar ɗungurungum ba sallama. Wannan mutuwar farat ɗaya da Malam ke kira aikin bairos, sau da yawa ita na'urar ce ke ceton ranta.

Me ke hana zafin fita? Ƙura. Mu da muke shan hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da guguwar bazara kafin ruwa ya sauka, ba ma buƙatar a yi mana lacca a kanta. Fankar da ke cikin kwamfuta tana zuƙo iska daga ƙasa ta hura ta waje ta wasu siraran haƙora na ƙarfe. Iskar nan da ƙurarta take shigowa, da ƙaiƙayin gero lokacin sussuka, da zaren tabarma da na katifa. A hankali sai su taru su zama wani ɗan bargo a bakin haƙoran, fanka na ta ihu amma iska ba ta wucewa. Ka ƙara da ɗabi'armu ta ɗora laftof a kan katifa ko matashi ko cinya cikin babbar riga, wadda ke toshe ƙofar shan iskar gaba ɗaya. Na sha buɗe kwamfutar da aka yi wa fomatin sau biyu ko uku, in ciro dunƙulen ƙura kamar audugar katifa, ta tashi garau. Har gawar kyankyasai na taɓa tsinta, da gidan tururuwa. Wannan ma ba sabon abu ba ne a tarihin na'urar: a shekarar 1947, a Jami'ar Harvard ta Amurka, masu kula da wata ƙatuwar kwamfuta mai suna Mark II sun tsinci ƙwaro irin mai bin fitila ya maƙale a cikinta ya hana ta aiki, suka manna shi a littafin aikinsu, kuma littafin na nan a ajiye har yau. Ina tambayar Malam: wace irin sabuwar Windows ce ke share ƙura? Wane fomatin ne ke kore tururuwa?

Sai wuta. A nan mun yarda da Malam cewa wutarmu ba abin dogaro ba ce, kowa ya tuna Oktoban 2024 da Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu. Amma shi ya ambaci wuta ne don ya yanke mana ƙauna, bai ambace ta a matsayin cutar da ake ganowa a magance ba. Kwamfutar tebur ba ta da batirin da zai riƙe ta in wuta ta ɗauke. In tana tsakiyar rubuta wani abu a faifan ajiyarta aka ɗauke wuta, ko janareta ya yi tari ya mutu don mai ya ƙare, abin da take rubutawa ya tsaya rabi-rabi. In an yi rashin sa'a fayil ɗin na Windows ne da kanta, gobe sai ta ƙi tashi. A yi mata fomatin yau, jibi janareta ya sake yin tari, a koma gidan jiya. Wanda ya san haka, kuɗin motar zuwa Kano zai tara ya sayi ƙaramar na'urar riƙe wuta ta UPS, wadda ke ba shi 'yan mintuna ya adana aikinsa ya kashe cikin mutunci, ko ya jona ta da sola da inbata kamar yadda masu shagunan caji da yawa suka riga suka yi. Haka nan cajar bogi, marar nauyi kamar kwalin ashana, tana sa linzamin laftof ya dinga tsalle shi kaɗai, allon ya dinga ƙyaftawa. Ka zare cajar ka ga ko haukar ta tsaya. In ta tsaya, ka kama ɓarawonka, kuma bai kai bairos tsada ba.

Yanzu ga ita fomatin ɗin, wadda Malam ya ɗauka kamar rubutun sha mai maganin kowace cuta. Me take yi a zahiri? Tana share abin da ke kan faifan ajiya ta shimfiɗa sabon tsari. Shi ke nan. Ba ta taɓa fanka, ba ta taɓa batir, ba ta ƙara wa kwamfuta ƙwaƙwalwa, ba ta ɗinke faifan da ya fara lalacewa. Dalilin da ya sa mutane suke yabonta shi ne kwamfuta kan yi sauƙi na 'yan kwanaki bayan an yi, saboda an zubar da tarkacen da ke kanta. Kamar jakin da ya gurgunce ne aka sauke masa kaya, ya ɗan yi sauri, mai shi ya ce ya warke. A sake ɗora masa buhunan gero ranar kasuwar Dambatta a ga ko ƙayar da ke kofatonsa ta fita.

Abin da Malam bai faɗa ba ko sau ɗaya a duk tsawon rubutunsa shi ne abin da ake asara. Wani ɗan yayata yana da ɗan shagon buga takardu. Shekaru ya yi yana tara aikin mutane a kwamfuta ɗaya: takardun shaidar cinikin gonaki da filaye, jarrabawar makarantun Islamiyya, katunan ɗaurin aure, hotunan fasfo na ɗaruruwan mutane, da kundin kammala karatu na wani ɗalibi da ya kusa gamawa. Ta fara sandarewa. Ya bi irin shawarar Malam, ya kai ta birni. Mai gyaran bai tambaye shi komai ba, shi ma bai san ya kamata ya ce komai ba. Kafin ya dawo daga sallar azahar an gama. Ya karɓi kwamfutarsa fes kamar sabuwar ƙwarya, babu ko ɗigon abin da ya tara. Ya dawo gida yana kame-kamen abin da zai faɗa wa ɗalibin. Bayan kwana goma ta sake sandarewa. Da ya kawo mini, na kasa kunne na ji faifan yana wani ƙas-ƙas a ciki, alamar ya kusa cikawa. Tun farko shi ne ke mutuwa, kuma a lokacin da aka kai ta birni ana iya kwashe komai a mayar kan wani faifan. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada, amma yaron nan ba shi ya kunna wutar ba, shawara ce aka ba shi.

Ko bairos ɗin ma da ake ta yi mana barazana da shi, wanda ya fi yawo a filasanmu shi ne mai ɓoye fayiloli ya bar inuwarsu, ka buɗe ka ga sunaye da 'yar kibiya a gindinsu amma babu komai a ciki. Fayilolin suna nan, lulluɓe su kawai ya yi. Ka umarci Windows ta nuna ɓoyayyun abubuwa, ko ka sa manhajar tsaro ta wanke filashin, sai ga su sun bayyana. Mutum nawa ne suka goge filashi da hannunsu suna kuka, alhali dukiyarsu na kwance a ƙarƙashin tabarma? Kuma Windows 10 da 11 suna zuwa da mai gadinsu, Microsoft Defender, kyauta. Abin da na fi gani shi ne an kashe shi da gangan don a samu zuba manhajar sata, sannan an jibga wasu masu gadin biyu ko uku suna faɗa da juna a kan ƙofa ɗaya, suna cinye ƙarfin kwamfutar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan mu ne muka tsaga bangon da kanmu.

Maganar da ta fi ci mini rai ita ce wai kada wanda ba injiniya ba ya yi lalube. Malam ya san da wa yake magana kuwa? Mutanen da ke noman rani a bakin madatsar Tomas, in injin ban-ruwa ya ƙi tashi, ba sa ɗaukarsa su nufi Kano. Su duba mai, su kwance fulogi su goge, su busa kafireto, su duba ko tiyo na shan iska. Ɗan acaɓan da bai gama firamare ba, daga jin ƙarar babur zai ce maka sarƙa ce ko bawul. Mai injin niƙa ya san bambancin kukan bel da kukan boris. Duk cikinsu babu wanda zai yarda bakanike ya sauke masa inji kafin a duba ko akwai fetur a tanki. Waɗannan mutanen ne 'ya'yansu za su kasa danna maɓalli uku su karanta abin da ke kan allo? In dai ba raini ba ne, to rashin sanin mutanen ne.

Kuma ita kwamfuta ta fi babur sauƙin kai, don tana faɗin ciwonta da bakinta. In ta sandare, abu na farko haƙuri ne na minti biyu ko uku, saboda sau da yawa ba mutuwa ta yi ba, aiki ne ya yi mata yawa. Ka danna maɓallin Caps Lock ka ga ko 'yar fitilarsa na kunnuwa tana mutuwa. In tana yi, da sauran numfashi. Ka haɗa Ctrl da Shift da Esc ka danna, wani allo mai suna Task Manager zai fito ya jera maka duk manhajojin da ke aiki, da abin da kowace ke ci. A nan za ka ga wadda ta cinye ƙwaƙwalwar, galibi burauzar da aka buɗe wa shafuka talatin, ko manhajar zane da aka loda wa manyan hotuna. Ka rufe ta ita kaɗai, sauran su sarara. A nan kuma za ka ga jerin manhajojin da ke tashi tare da kwamfutar kullum ba tare da an gayyace su ba, kamar 'yan cin tuwon biki, ka sallami waɗanda ba ka buƙata. In ka ga ma'aunin faifan ajiya ya kafe a ɗari bisa ɗari ba ya sauka, ka samu zaren da za ka bi. In ka leƙa ka ga faifan C ya yi ja don cika, to rumbu ne ya cika har ba wurin juyawa, ka kwashe finafinai da bidiyon biki ka ga ikon Allah.

Akwai ma wani ɗan sirri da masu gyara da yawa ba sa faɗa. Tun daga Windows 8, in ka zaɓi kashewa, sau da yawa kwamfutar ba ta mutuwa gaba ɗaya, tana adana wani sashe na halin da take ciki don ta yi saurin tashi gobe, har da matsalar da ke cikinsa. Zaɓin Restart ne ke wanke komai ya faro daga tushe. Mutum zai yi wata guda yana kashewa yana kunnawa yana cewa ya gwada komai, alhali bai gwada mafi sauƙin ba.

Shi kuma shuɗin allon da ke firgita mutane, wasiƙa ce. A ƙasansa akwai sunan laifin da manyan baƙaƙe. Ka ɗaga wayarka ka ɗauki hotonsa kafin ya ɓace. In ya ce MEMORY_MANAGEMENT, a fara zargin ƙwaƙwalwar RAM, wadda wani lokacin zare ta kawai za a yi a goge haƙoranta a mayar. In ya ce INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, Windows ce ta kasa isa ga faifan da take kwance a kai. In ya ambaci sunan wani fayil, galibi manhajar da ke tafiyar da wata na'ura ce, watakila firintar da aka jona jiya. Tambayar da ta fi kowace amfani ita ce wadda kowane mai maganin gargajiya ke yi: me ka ci kafin ciwon ya fara? Me aka zuba mata, me aka jona mata, me ya canja? A cire shi a gani. In ta ƙi tashi sam, akwai Safe Mode, inda take tashi da kayan dole kaɗai. In ta yi lafiya a can, ka san ƙarfen lafiya yake, a cikin manhajoji ɓarnar take.

Bari in ƙara ɗaya don ya ba ni dariya. Lokacin rajistar jarrabawa, wani yaro ya zo mini hankali a tashe, wai kwamfutarsa ta ƙi buɗe kowane shafi, tana ta gargaɗin rashin tsaro, an ce masa bairos ne mai tsanani. Na kalli kusurwar allo, na ga kwanan wata ya koma shekaru baya. A cikin kwamfuta akwai ɗan batir kamar kwabo, CR2032, irin na agogo, wanda ke riƙe mata lokaci in an kashe ta. In ya mutu, sai ta manta yau wace rana ce, shafukan intanet masu tsaro kuma su ƙi yarda da ita. Muka gyara kwanan wata, ta buɗe. Batirin bai kai kuɗin kwanon shinkafa da wake ba. Da ya bi Malam, da an goge masa komai, kuma da zarar an zare wuta sai ciwon ya dawo.

To, mu zo kan babbar maganar, cewa kwamfuta ba don ƙauye aka yi ta ba. Ina ne aka yi ta dominsa, inda ba ta faɗuwa? Ranar 19 ga Yuli, 2024, kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike da ke Amurka ya aika wa abokan cinikinsa wani gyara mai kuskure a ciki. Cikin sa'o'i kaɗan, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, bisa ƙididdigar Microsoft, suka nuno shuɗin allo. Filayen jiragen sama suka tsaya, bankuna da asibitoci suka rikice, tashar talabijin ta Sky News a Ingila ta ɗauke na wani lokaci, kamfanin jiragen Delta shi kaɗai ya soke tashi kusan 7,000. Duk a ɗakuna masu sanyi, da wutar da ba ta ƙyaftawa, da injiniyoyi masu digiri bisa digiri. Ba ƙurar ƙauye irin ta Maitsidau ce ta shiga musu ba. Kuma da me suka warke? Sun yi wa kwamfuta miliyan takwas fomatin? Sun zubar sun sayi sababbi? Sun bi sawu ne har suka gano fayil ɗaya tak, aka shiga Safe Mode aka goge shi. Wasu ma sake kunnawa kawai aka yi ta yi, har Microsoft ta ce akwai waɗanda sai da aka yi sau 15. Wato dabarar da Malam ke hana ɗan Satame da ɗan Wailare koyo, ita ce manyan duniya suka durƙusa suka yi.

A gida ma mun gani. A jarrabawar JAMB ta 2025, shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida a watan Mayu, har da hawaye, ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157, aka sake musu jarrabawa. Cibiyoyin nan a Legas suke da jihohin Kudu maso Gabas. Legas fa, inda kasuwar Computer Village take. Ban kawo wannan don in yi dariyar kowa ba, yaran da abin ya shafa 'ya'yanmu ne. Na kawo ne don Malam ya ga cewa tuntuɓe halin na'urar ne a ko'ina, kuma a can ma bincike ne ya gano inda aka yi kuskure. Sannan ga wani abu: tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Yaron Makoda, ko yana so ko ba ya so, a gaban allo zai nemi gurbin jami'a. In muka raine shi a kan cewa na'urar nan dodo ce, in ta yi tari a gudu a kira na birni, me zai yi ranar da linzami ya ƙi motsi a ɗakin jarrabawa, agogo na tafiya? Wanda ya saba da halinta zai ɗaga hannu cikin natsuwa ya faɗi abin da ya faru. Wanda aka tsorata tun daga gida, kafin mai kula ya iso, rabin abin da ya haddace ya zube.

Batun a sayi sabuwa ba zan daɗe a kai ba, don aljihun kowa ya riga ya ba da amsa. Mai wannan shawara bai yi cinikin buhun taki a bana ba. Yawancin kwamfutocinmu na hannu ne, HP da Dell da Lenovo da suka gama aiki a ofisoshin Turai, kuma ƙarfensu na da ƙwari. Abin da ke sa su nauyi galibi biyu ne: RAM ɗin gigabait 4 da ya yi wa manhajojin yau kaɗan, da tsohon faifai mai juyawa. A ƙara RAM ya kai 8, a sa faifan SSD wanda ba shi da abin da ke motsi a ciki, kuma ya fi jure jijjigar babur a hanyoyinmu, sai tsohuwa ta koma budurwa a kan kaso kaɗan na kuɗin sabuwa. Inda zan ba Malam gaskiya shi ne Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 daga 14 ga Oktoba, 2025, kuma da yawa daga tsofaffin kwamfutocinmu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Wannan damuwa ce ta gaske. Amma ko a nan akwai Linux Mint da Ubuntu, kyauta, masu tafiya lafiya a kan tsohon ƙarfe, ga wanda aikinsa rubutu ne da intanet.

Kada a fahimce ni a karkace, ba yaƙi nake da masu gyara ba. A titin Beirut da Farm Centre a Kano akwai yara masu hannu, waɗanda ke gyaran babban allon cikin kwamfuta da gam da dalma abin sai wanda ya gani. In kwamfuta ta sha ruwa, ko ta yi warin ƙuna, ko batirinta ya kumbura ya ɗaga madannai, ko faifai na ƙas-ƙas, a kashe ta nan take a kai musu, kuma kada kowa ya buɗe akwatin wutar kwamfutar tebur, don yana riƙe wuta ko an zare shi. Sai dai sana'a sana'a ce. Bincike na cin awa biyu, fomatin na cin minti arba'in, kuɗin kuma kusan ɗaya, ga layi na jira. In ka zo ka ce "ba ta yi" ka yi shiru, ka zaɓa wa kanka gajeriyar hanya. In ka zo ka ce tana mutuwa ne bayan rabin awa in rana ta take, fanka na ihu, ga hoton abin da ta rubuta, kuma kada a taɓa fayilolina, to ka zo da rabin gyaran, shi ma zai san da wa yake ciniki.

Matsayina ke nan, kuma ban matsa ko taku ɗaya ba bayan karanta Malam. Mai kwamfuta, ko a Jibga yake ko a Durma, haƙƙinsa ne ya san halin abin da ya saya da guminsa. A tambayi ciwo kafin a ba da magani, a fara da mai arha: iska, wuta, caja, wurin ajiya, abin da aka zuba jiya. Fomatin na da ranarta, in bairos ya ci gari ko Windows ta lalace ta ƙi gyaruwa, amma ita ce ta ƙarshe a layi, kuma ba a yin ta sai an kwashe kaya. Shi kuwa kwashe kayan ba sai ciwo ya zo ba: duk abin da za ka yi kuka in ya ɓace, ya kasance yana wuri biyu, ɗaya a wani faifan ko filashi a cikin akwati, ko a Google Drive mai ba da gigabait 15 kyauta. Da ɗan yayata ya yi haka, da ɗalibin nan bai sake rubuta babi huɗu daga tsofaffin takardu ba.

Malam ya rubuta cewa tasa kwamfutar an yi mata fomatin sau huɗu a shekara ɗaya, kuma har yanzu tana mutuwa, shi ya sa ya yanke hukuncin tsufa ne. Ina roƙonsa kada ya jefar tukuna. Ya hau motar Dambatta ya sauka, a kawo shi Koguna, shayi da burodi a wuyana. Ya zo da ita da cajarta. Ina da ƙaramin sukuddireba da tsohon burushin haƙori, kuma murfin fankar za mu fara buɗewa, shi da kansa zai riƙe tocila.